Wata Bakwai Halliru Bai Je Utai Ba

Waɗanda suka san Wudil a da, tun motar da ke wucewa a yini ba ta fi a ƙirga da yatsun hannu ba, sun san Halliru mai kamun shanu. Ba malami ba ne, ba attajiri ba, ba ya kuma cikin masu zaman fada. Gajere ne mai faɗin ƙirji, da 'yar hularsa da ta sha rana har ta manta launinta. Abin da ya sa ba a manta da shi ba, har ya tsufa gemu ya yi fari, duk safiyar Allah in ya dawo daga masallaci sai ya tsaya a ƙofar gida ya dafa turken jakinsa, ya tsuguna ya miƙe, ya tsuguna ya miƙe, sau talatin, yana ƙirgawa a hankali. Baƙo in ya gani sai ya ɗauka taɓin hankali ne. 'Yan gari kuwa ko waiwaye ba sa yi, don sun san mafarin abin.

A Utai aka haife shi. Yana ɗan shekara goma sha biyu mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa Hansai ta riƙe su, shi da ƙanwarsa Rabi, da kaɗin auduga da sayar da daddawa. Hansai mace ce mai kaifi, maganarta ba ta da yawa, amma in ta yi guda ɗaya sai ta yi maka kwana uku a kunne. Halliru kuma ɗan fari ne, saboda haka tsakaninsu akwai kunyar nan ta mutanen da. Ba ta jan sa da hira, ba ta yabonsa a gaban kowa, in ya yi abin kirki ma sai ta kau da kai kamar ɗan maƙwabta ne ya yi. 'Yan yanzu za su ce ba ta son sa. Ba su san kome ba. Duk ƙaunar da ke tsakanin uwar nan da ɗanta a cikin gaisuwa take, kuma su biyun sun san haka.

Da ya zama saurayi sai ya gangaro Wudil ya shiga kara, wato kasuwar shanu. Aikinsa shi ne in an yi cinikin sa mai taurin kai, ya zarga masa igiya a ƙafar baya ya riƙe, wani ya ja ta gaba, har a kai shi inda za a kai shi. Aiki ne na mai ƙafa, don in sa ya fizga, cinya da gwiwa ne ke tsayar da mutum, ba hannu ba. Halliru kuwa in ya kafa dunduniya a ƙasa ya rage tsawo, sai dai igiya ta tsinke. A Wudil ya yi aure, ya auri Saudatu 'yar gidan masu ginin tukwane, mace mai fara'a da saurin baki. A nan ya yi gida, a nan ya haifi 'ya'yansa.

Amma bai taɓa barin Utai da gaske ba. Juma'a ake cin kasuwa, Asabar da sassafe sai ya ƙulle tsokar nama da ɗan kitse a ganye, ya haɗa da goro da gishiri, ya kama hanya. In ya isa, a zaure yake tuɓe takalmi. Ya shiga ya sami Hansai a kan tabarmarta a ƙofar ɗaki, ya tsuguna gabanta, dunduniya a ƙasa, kai a sunkuye. Daga nan a shiga gaisuwa, kwana da gajiya da iyali da kasuwa da ruwa da maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, a yi shiru, a sake ɗaukowa daga farko. Ba ya tashi sai ta ce ya tashi. Shekara ashirin ana haka, ruwa ko rana.

A cikin shekarun nan ne idon Hansai ya rufe. Rabi, wadda ke aure a nan cikin Utai, ita ke kula da ita. Makanta ba ta rage wa tsohuwar kaifi ba, sai ma ta koma auna mutane da kunne. Daga inda muryar mai gaisuwa ta fito take gane tarbiyyarsa. Akwai wani jikan maƙwabcinta da ya yi 'yan watanni a birni, ya dawo ya gaishe ta a tsaye, hannu a aljihu. Ta amsa masa lafiya lau. Bayan ya fita ta ce wa Halliru, wanda ke tsugune a gefe, wai ita ta ɗauka daga kan rufin ɗaki ake yi mata magana, ashe ɗan mutum ne, Allah ya shirya. Halliru ya yi dariya a lokacin. Maganar kuwa ta zauna masa.

Shekarar alif ɗari tara da hamsin da huɗu, bayan an gama cirar gyaɗa, wata Juma'a kasuwa ta cika ta batse, aka kawo wani jan bijimi mai dogon ƙaho. Halliru ya zarga masa igiya kamar yadda ya saba. Mai riƙe da ta gaba ne ya yi sakaci, hankalinsa ya tafi wajen mai fura, bijimin ya juyo. Bai soke shi ba, Allah ya kiyaye, amma ya banke shi ya bi ta kan ƙafarsa ta dama. Waɗanda ke kusa sun ce sun ji ƙarar ƙashin kamar an karya busasshen itace. Aka ɗauke shi ranga-ranga zuwa gida, aka kira Gwadabe maɗori. Ya shafa, ya ja, ya haɗa ƙashin ƙasa da gwiwa kaɗan, ya jera kara tun daga cinya har idon sawu ya ɗaure tamau, ya ce kwana arba'in kada ƙafar nan ta motsa.

Washegari Rabi ta zo hankali tashe. Bayan ta gama kukanta sai aka shiga shawarar abin da za a faɗa wa Inna. Tsohuwa ce, ga makanta, ga ciwon ƙirji da ke tasar mata lokacin sanyi, in ta ji sa ya take ɗanta, wa ya san abin da zai biyo baya? Rabi ce ta kawo dabarar a ce ya bi fatake da shanu zuwa Kurmi, tafiyar ta zo ba shiri. Ita ta kawo, amma shi ya amince, don haka kada a ɗora mata laifin ita kaɗai. A lissafinsu kwana arba'in ne kawai, a kwance ɗori, ya tafi Utai da ƙafarsa, kowa ya huta.

Ranar arba'in Gwadabe ya kwance. Ƙashi ya haɗu sarai, ba wanda zai kushe aikinsa. Sai dai gwiwar ta sandare. Ƙafar ta rame, ta miƙe sambal kamar sandar makiyayi, in Halliru ya yi ƙoƙarin lanƙwasa ta ko da kaɗan ne, sai zufa ta karyo masa. Maɗori ya ce nasa aikin ƙashi ne, saura kuma na Allah.

Sai wanda ya rayu a wancan zamani zai san girman wannan asara. Lokacin rayuwa duk a ƙasa take. A tsugune ake alwala, a tsugune ake kewaye akushi, a tsugune ake ciniki, a tsugune ake jiran kwale-kwale a bakin kogi. Kujera mai baya sai gidan alƙali ko ofishin Nasara. Tsoho ɗan saba'in zai yi hira tun hantsi har azahar a kan dunduniyarsa, ya miƙe tsaf ba tare da ya dafa kome ba, bai kuma taɓa jin ana kiran wannan motsa jiki ba. Yau ga Halliru, namijin kara, yana cin tuwo ƙafa a miƙe gefe guda, yana salla a zaune kamar mai jego. Abokan aikinsa ba su yar da shi ba, duk Juma'a sai an aiko da nama, Saudatu kuma ta koma ginin tukwane gadan-gadan. Ba yunwa ce ta dame shi ba. Utai ce.

Don ya je, zai iya. Ga jaki a turke. Amma in ya isa fa? Ko dai ya tsaya a kanta ya gaishe ta daga sama, ko ya zauna ya miƙa mata tafin ƙafa. A wajensa duka biyun zagi ne, kuma na biyun ya fi muni. Ga ƙaryar Kurmi kuma da za ta tonu nan take, ita Rabi ta sha kunya, shi ma ya sha. Saudatu ta yi masa magana ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ta ce ramin ƙarya ƙurarre ne, gara a fito tun da wuri. Ranar da abin ya ishe ta, ta ajiye masa kwanon koko da ɗan ƙarfi.

“Malam, uwa ce fa, ba hakimi ba. Ka je da ƙafar da Allah ya bar maka.”

Ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ya aika wa Rabi ta ce fatake sun wuce gaba, sai an sayar da shanu. Halliru mutumin kirki ne, amma taurin kansa bai bar na shanun da yake kamawa da nisa ba.

Da zaman gida ya gundure shi, sai ya riƙa dogara sanda yana zuwa gindin wata tsamiya kusa da kasuwa, inda Kofur Maikano ke gyaran keke. Maikano tsohon soja ne, da shi aka yi yaƙin Bama, ya dawo da tabon harsashi a cinya da wasu ɗabi'u da mutanen Wudil suka kasa ganewa. Babbar cikinsu, kowace safiya sai ya tuɓe riga ya miƙa hannaye gaba yana tsugunawa yana tashi, ba wanda yake gaisarwa, ba abin da yake ɗauka a ƙasa. An daɗe da yanke hukuncin Bama ta taɓa masa kai, kuma Halliru na cikin waɗanda suka fi kowa yi masa dariya. Kekunan garin ba su fi goma ba, saboda haka yawancin yinin Kofur surutu ne.

Kwana uku Maikano yana satar kallon ƙafar. A na huɗu ya ajiye sufana ya zo ya kama gwiwar ya latsa nan ya latsa can, ba ko neman izini. Ya ce ƙashi ya warke, jijiya ce ta yi barci, kuma ba a tayar da ita da laya. Ya ba shi labarin yadda tasa ta yi haka a asibitin soja, aka sa shi riƙe ƙarfen gado yana sauka yana tashi wata uku yana zagin kowa, har ta saki. Shi faretin gwiwa yake kiran abin. Ya ce in Halliru zai jure dariyar mutane, shi zai koya masa, tun da dai ya san yadda ake yin dariyar. Halliru ya sunkuyar da kai, ya ce Allah ya huci zuciyar Kofur.

A kogi suka fara. Rani ya shigo, ruwa ya janye ya bar faffaɗan yashi da gurabe nan da can. Da hantsi, in ruwan ya ɗan yi ɗumi, sai su shiga inda ya kai ƙugu, don a cikin ruwa jiki ba shi da nauyi. Maikano ya kama hannayensa biyu. Dokokinsa ba su da yawa, amma ba ya ɗaga ƙafa a kan ko ɗaya. A buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗa. Dunduniya kada ta bar ƙasa. Baya a miƙe, ido a gaba. Mazaunai su fara tafiya baya kamar mai laluben wurin zama, sannan gwiwa ta bi. A sauka a hankali har inda zafi ya fara, a tsaya nan a ja numfashi uku, a taso. Goma da safe, goma da yamma, ba ƙari.

Ranar farko Halliru bai sauka ko taƙi guda ba. Masu wanki suka bar wanki, masunta suka bar koma, aka tsaya kallon ƙatti biyu riƙe da hannun juna a tsakiyar ruwa suna sama da ƙasa. Wani ya ce Kofur ya sami almajirin hauka. Halliru ya ji kamar yashin ya tsage ya shige. Amma washegari ya dawo, jibi ma haka. Bayan mako biyu masu wanki suka gaji da kallo, har wata tsohuwa a cikinsu ta riƙa taya su ƙirga.

Daga kogi aka koma gida. Maikano ya sa aka kife turmin Saudatu kusa da turken jaki. Halliru ya riƙe turke, ya sauka har ya taɓa turmin, ya tashi. Wata guda cur yana kan turmi, Saudatu na mita wai an hana ta daka saboda fareti. Da turmi ya zama wasa, aka ɗauke shi aka sa kujera 'yar tsugunno. A nan gwiwar ta nuna halinta. Tana yin ƙara ƙas-ƙas, tana zafi kamar an zuba barkono, wani lokaci in ya sauka ba ya iya tasowa sai matarsa ta kama shi. Duk da haka cinyar da ta rame ta fara cikowa, ya yar da sanda, ɗingishin ma ya ragu.

Ana cikin haka Rabi ta zo da labarin da ya hana shi sukuni. Ta ce duk Asabar Inna tun da asuba take sa a share mata ƙofar ɗaki a shimfiɗa tabarma. Ba ta cewa kome, sai in rana ta take, ta tambaya wai shin Kurmin nan ƙara nisa take yi ne. Halliru ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Ranar nan ya yi watsi da dokar Kofur, ya kama turke tun safe, ya yi ɗari, ya huta, ya ƙara ɗari. Kafin gari ya waye gwiwa ta kumbura ta zama kamar tulu. Kwana goma yana kwance ana gasa masa da ruwan zafi. Maikano ya zo ya yi masa faɗan soja tas, ya ce a bariki da ya sha horo, sannan ya sassauta murya ya ce sannu ba ta hana zuwa. A zuciyarsa Halliru yana ƙarasa sauran maganar, sai dai a daɗe ba a je ba.

Aka koma turmi, aka sake saukowa kujera. Daga kujera aka sa tubali biyu, aka cire ɗaya. Zafin bazara ya kankama, kogi ya koma zare, gabas ta fara haɗa gira da yamma. Fataken da suka tafi Kurmi da gaske duk sun dawo don gyaran gona, kowa a Utai ya gan su. Rabi ta sake zuwa, wannan karon ba ta ko zauna ba. Ta ce Inna ta rame, koko kaɗai take sha, kuma ta daina tambaya. Tabarmar ma ta ce a bar shimfiɗawa.

“Yaya, ni na gaji da ƙaryar nan. In ba ka zo Asabar ba, zan faɗa mata gaskiya, kome zai faru ya faru.”

Ranar Alhamis da yamma Halliru ya ture tubalin ƙarshe da ƙafa. Ya saki turke. Ya sauka a hankali, a hankali, har cinyarsa ta kwanta a kan ƙwauri, dunduniya biyu a ƙasa. Saudatu da ke tankaɗe ta tsaya da rariya a hannu tana kallonsa. Tashin ne sai da ya dafa ƙasa, amma ya tashi da kansa. Juma'a aka yi ruwan farko. Ya shiga kasuwa ya sayi nama, ya sayi goro mai kyau da kwalbar manja, wai tsarabar Kurmi, don har lokacin bai haƙura da ƙaryarsa ba.

Asabar ya hau jaki. Ƙasa ta sha ruwa tana ƙamshi, manoma sun fito da sungumi, duk wanda ya gan shi sai ya ɗaga hannu ya yi masa barka da arziki. A bakin gari ya sauka ya ɗaure jakin, ya ƙarasa a ƙasa yana taka ƙafar a hankali don kada a ji bambancin sawu. Ya tuɓe takalmi a zaure, ya yi sallama. Gabansa na faɗuwa kamar yaron da ya yi ɓarna.

Hansai na zaune a ƙofar ɗaki, jingine da bango. Da ya gan ta sai da ya runtse ido. Wuyanta ya zama siriri, zanen da ya sani ya yi mata yawa. Rabi na tsaye can wajen murhu ta kasa motsi. Halliru ya matso, ya buɗe ƙafafu, ya sauka kamar yadda aka koya masa, ya cije leɓe don kada nishi ya fita. Ya kai ƙasa.

“Inna, ina kwana?”

“Lafiya lau.”

“Mun same ku lafiya? Yaya ƙarfin jiki?”

“Da godiya. Yaya hanya?”

Ta bi gaisuwar tiryan-tiryan kamar jiya suka rabu. Ta tambayi Saudatu, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi ruwan jiya ko ya kai Wudil. Ba ta tambayi Kurmi ba. Shi ya tura mata goro da manja gabanta yana in'ina, ya ce ga ɗan abin da aka samo a tafiya. Ta lalubo kwalbar ta shinshina ta ajiye gefe. Gwiwar ta fara rawa, zufa na bin bayansa, amma ba ta ce ya tashi ba, shi kuwa ko zai mutu a nan ba zai tashi ba. Sai ta miƙo hannu. Ba kansa ta nema ba. Kai tsaye hannun ya sauka a kan gwiwar dama.

“Wannan ce?”

Halliru ya ƙara sunkuyar da kai.

“Tun ranar da san ya take ka, kafin la'asar masu dawowa daga kasuwa suka faɗa a bayan dangar nan. Ido ne ba ni da shi, kunnena ƙalau. Kuka ce Kurmi. In na ce na sani, na kunyata ku, kai da ƙanwarka. Sai na ce bari in yi shiru, ai ba zai wuce mako biyu ba zai sa a ɗora shi a jaki.”

“Inna, ba na iya tsugunawa ne. Na ga ba zan tsaya a kanki ba.”

“Wa ya ce maka tsugunonka nake jira?”

Rabi ta fashe da kuka ta shige ɗaki. Hansai ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma janye hannunta ba. Ta ce masa ya zauna ya miƙo ƙafar. Ya ce a'a, Inna, ya za a yi. Ta ce ita ta haife ta, ita ta wanke ta tun ba ta kai tsawon ludayi ba, ya miƙo. Ya zauna a ƙasa. Ya miƙa ƙafar nan da ya yi wata bakwai yana ɓoyewa, ta kama ta ɗora a kan cinyarta, ta bi ta da yatsu tun daga idon sawu, ta tsaya a inda ƙashin ya haɗu ya yi ɗan tudu, ta daɗe a wurin. Tun da ya yi wayo bai taɓa sanin hannunta a jikinsa ba. Ƙaton mutum mai kamun shanu, hawaye na zuba a gemunsa, bai ko share ba.

“Maɗorin ya iya aiki,” in ji ta. “Asabar ashirin da tara ka ci mini. Da ina da su da yawa, da ban ƙirga ba.”

Abin da ta faɗa ke nan, ba ta sake tayar da zancen ba. Ta kira Rabi ta ce a dafa naman nan, a sa manjan Kurmi a ciki. Ranar ta ci tuwo, Rabi ta ce rabonta da shi tun kafin zafi.

Halliru bai koma kamun shanu ba, ƙafar ba ta sake yin ƙarfin da za ta tsayar da bijimi ba. Ya koma dillancin awaki da tumaki, ya rufa wa kansa asiri da shi har ƙarshen rayuwarsa. Asabar kuwa bai sake fashi ba. Yana zuwa ya tsuguna, ta bar shi ya gama gaisuwarsa cikakkiya don ta san abin da ya sha kafin ya same ta, sannan ta ce ya zauna ya miƙe ƙafa. Har hira suka fara yi, abin da ba su taɓa yi ba. Ta ba shi labarin mahaifinsa, da shekarar yunwa, da yadda yana jariri ya ƙi barci sai a bayan kakarsa.

Asabar goma sha ɗaya suka samu. Gero ya fitar da kai, ba a kai ga yanka ba, ran wata Talata da hantsi aka aiko daga Utai. Ya tarar an gama wanka ana ɗinkin likkafani. Da aka kai ta maƙabarta aka sauke makara, liman ya duba ya ce wa zai karɓe ta. Wasu dattawa suka matso, don sun san lalurar ƙafarsa, suna so su hutar da shi. Halliru ya ce su bari. Ya tuɓe takalmi, ya tsaya a bakin kabarin ta wajen kai, ya sauka a hankali, dunduniya a ƙasa. Aka miƙo masa ita, ba ta fi nauyin yarinya ba. Ya kwantar da ita a kan damanta, ya gyara mata fuska ta dubi gabas. Yana nan tsugune aka jera tukwane, aka liƙe da laka, aka mayar da ƙasa, aka yi addu'a, mutane suka fara watsewa. Gwiwar ba ta ba shi wahala ko kaɗan ba. Ya daɗe a wurin, don babu mai ce masa ya tashi.